Kefas ya gagara a Kano, me zan zuba a madadinsa?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah a agaza min da shawara, lokaci ya ƙure min. Maigida zai yi baƙi ranar Asabar, abokan karatunsa su huɗu, kuma ni da bakina na ce masa wannan karon ba shinkafa da miya ba, wani abu daban zan yi. Na tsayar da kala biyu. Ɗaya kazar nan da ake fere tsokar ƙirjinta fale-fale a soya, a yi mata romon bota da lemon tsami, pikata suke ce mata. Ɗayan soyayyen kifi da farin haɗin mayonis ɗin da ake dangwalawa, tartar. To duka biyun an rubuta sai an zuba capers, ni dai kefas nake karanta shi. Jiya tun bayan azahar nake yawo, manyan kantuna uku na shiga. Biyu ba su ma taɓa jin sunansa ba, wani yaro har gwangwanin koren wake ya miƙo min. A na ukun na samu 'yar kwalba ɗaya tal can ƙasan kanta, ta sha ƙura, kuɗinta ya kusa na kaza guda, da na juya gindinta sai na ga wa'adinta ya wuce tun bara. Na ajiye musu kayansu. Me ake sawa a madadinsa? Kuma in faɗi gaskiya ban taɓa ɗanɗana shi ba, ban ma san me nake nema ba.

Hajiya Mai Tuwo:
Wa alaikumus salam. 'Yar nan, abin da ba ki taɓa ci ba, ba ki san ɗanɗanonsa ba, shi za ki fara gwadawa a kan baƙin mijinki? Ki yi musu dambun shinkafa da farfesun kaza ki huta wa ranki.

Maman Ilham:
Hajiya wallahi dambun na yi musu zuwansu na baya, da na bayansa ma. Har sun fara kirana Maman Dambu.

Ummi ta Saifurus:
Anti, ni kam na ci shi har na gaji. Shekara huɗu na yi a Famagusta, a tsibirin Saifurus, ina karatu, a can kamar ciyawa yake. Wata 'yar bishiya ce mai ƙaya da ke yaɗo, ba ruwanta da ƙasa mai taki, a tsagar dutse take fitowa. Tsohuwar ganuwar garin duk ta tsiro a jikinta tana reto, ba mai ba ta ruwa, rana ta ƙwalle yadda take so ita tana nan shar. Furenta fari ne mai dogayen gashi shunayya a tsakiya, kyakkyawa, amma kwana ɗaya yake yi ya yi yaushi. Abin da ake sayarwa a kwalba furen ne tun yana dunƙule bai buɗe ba. In an bar shi ya buɗe ya faɗi sai ya yi ɗa mai kamar ƙaramin zaitun da doguwar jela, shi ma ana jiƙa shi a ci, amma wannan daban ne, cike yake da ƙananan 'ya'ya. Ɗanyen kefas ba ya ciyuwa don ɗaci, na taɓa tsinka na tauna, sai da na yi ta tofar da yawu har ɗaki. Sai an tsuma shi a gishiri ko khal. Turkawa na ce masa kapari, 'yan tsibirin kuma gabbar, kuma su ba furen kaɗai suke ci ba, har ganyen da ƙananan rassan suke jiƙawa, da ƙayar da komai, su kawo miki a faranti kusa da zaitun da cuku.

Abban Sadik:
Kapari? Allah ya sa mu cika da imani. Ashe kabari ake nema a zuba wa baƙi a miya.

Maman Ilham:
Kai Abban Sadik, ka bari don Allah, ina cikin damuwa kana sa ni dariya.

Baban Yasmin:
Maman Ilham, shekarata tara ke nan a kicin ɗin wani gidan abinci a Palermo, a tsibirin Sisili na Italiya. Da wanke-wanke na fara, yanzu ni ne a kan murhun taliya, kuma ba ranar da hannuna ba ya shiga kefas. Mu a bokiti muke sayensa, cikin tsagwaron gishiri, ba ruwa ba khal, sai za a yi aiki da shi a ɗiba a wanke. Namu daga Pantelleria yake zuwa, wani tsibiri da ya fi kusa da Tunisiya a kan Sisili. Tun 1996 Tarayyar Turai ta yi wa kefas ɗinsu rajistar suna, ba mai ikon sayar da na wani wuri da sunan nasu. Na kwalba da ke yawo a duniya kuwa yawanci daga Maroko da Turkiyya yake fitowa. Tsadarsa ba ta banza ba ce. Da hannu ake tsinkarsa ɗaya bayan ɗaya, mutum a duƙe tun sassafe, kuma duk bayan kwana takwas zuwa goma sai an koma wa bishiyar kafin sababbin su buɗe. Ƙananan da ba su wuce milimita 7 ba su suka fi tsada.

Shawarata, ki daina neman abin da ya yi kama da shi a ido, aikinsa za ki nema. In kin tauna ƙwara ɗaya gishiri ne zai fara dukan harshenki, sai tsami, can daga baya sai wani ɗan yaji mai hawa hanci irin na mustad, da ɗan ɗaci-ɗaci. Shi ya sa abinci mai maiƙo ake sa wa, bota, mayonis, kifi mai kitse, don kar ya ginshi mutum. Kina ci kina ci sai ki taka ƙwara ɗaya, bakinki ya wartsake, ki ci gaba. Babu abu ɗaya da zai ba ki duka ukun nan. Wanda ya fi kusa koren zaitun ne na kwalba. Ki cire ƙwallon, in mai jan tattasai a ciki ne ki zare shi, ki yanka ƙanana kamar girman wake, ki matsa masa lemon tsami ki bar shi rabin awa, don shi zaitun maiƙo ya fi yawa a jikinsa, tsaminsa kaɗan ne. Cokali ɗaya a madadin cokali ɗaya. Baƙin zaitun na gwangwani kar ki ma ɓata kuɗinki, lami ne.

Sai wani sirri. A nan Italiya da naman ɗan maraƙi aka san pikata, kuma gidaje da yawa bota da lemon tsami da ganyen fasili kawai suke sawa. Ta kaza mai kefas ɗin nan da ta cika intanet, a Amurka ta yi suna. Ko ba ki zuba komai ba pikata kika yi, ba wanda zai kai ki ƙara.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri Baban Yasmin, yanzu na fara gane inda aka dosa. Zaitun kam akwai shi ko'ina. Amma akwai wani abu da na ji kunyar tambaya tun farko, girkin ya ce bayan an kwashe kazar a zuba farar giya rabin kofi a kaskon. Ni dai na tsallake wannan layin.

Baban Yasmin:
Kin yi daidai. Aikinta ta ɗago ƙanzon da ya kama gindin kasko ta kawo ɗan tsami. Romon kaza rabin kofi da ƙarin lemon tsami zai yi miki wannan. Ni haka nake yi a gida. In za ki sayi mustad ma ki karanta bayan kwalbar, irin na Dijon wasu da farar giya ake haɗa su.

Abu Hafsat:
To ai shi khal ɗin da kuke ta ambata ma wani daga giya ake yin sa. Ya kamata a kula.

Ummi ta Saifurus:
Malam, kusan kowane khal a duniya sai ya bi ta matakin barasa kafin ya zama khal, har na tuffa da na rake. Kuma ya zo a hadisi cikin Sahihu Muslim cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yabi khal, ya ce madalla da shi a matsayin mahaɗin abinci.

Abu Hafsat:
Ba a yi musun wannan ba. Saɓanin malamai a kan giyar da mutum ya mayar khal da gangan ne, ba wadda ta juye da kanta ba. Abin da nake nufi ke nan.

Admin:
Abu Hafsat da Ummi, kowa ya faɗi nasa, mai son ƙarin bayani ya tambayi malaminsa. A dawo kan kasko don Allah, baiwar Allah nan kwana uku ya rage mata.

Hajiya Mai Tuwo:
To in tsami da gishiri ne duk abin da ake ta wannan dogon Turanci a kai, me ya hana ki jiƙa tsamiya?

Baban Yasmin:
Hajiya, a gafarce ni, tsamiya tana da zaƙi a bayan tsaminta, kuma za ta rine romon ya koma ruwan ƙasa. Shi romon pikata fari-fari ake son sa mai ɗan rawaya. Sannan ita narkewa take yi ta game ko'ina, shi kuwa kefas ƙwara-ƙwara ake son a riƙa cin karo da shi. A puttanesca, miyar taliyar mutanen Napoli mai tumatir da zaitun da ƙananan kifin gishiri, nan kam in an ɗiga tsamiya kaɗan ba mai ganewa, don tumatir ya rufe. Kar dai a tambaye ni ma'anar sunan miyar, akwai iyaye a zauren.

Hajiya Mai Tuwo:
Na ji. To ɗata fa? Ko ƙaramin gauta mai ɗaci? Kun ce kore, kun ce ɗaci-ɗaci, kun ce a tauna a ji shi a haƙori. Mu da muna yara ɗanyen mangwaro muke yankawa mu barbaɗa gishiri da yaji mu ci har haƙoranmu su mutu, amma yanzu ba lokacinsa ba ne, sai zafi ya fara shigowa. Gauta kuwa kullum yana kasuwa. Ki yanka shi mitsi-mitsi ki zuba gishiri ya kwana, ki matse ruwan, ki zuba masa khal ɗin naku. Ni ban taɓa yi ba, amma ban ga abin da zai hana ba.

Baban Yasmin:
Wannan kam ban taɓa tunaninsa ba Hajiya. A gwada.

Malamin Gona Damagaram:
Salamu alaikum jama'a. Ni ba mai girki ba ne, uwargida ce ta jefa ni zauren nan, amma yau magana ta shigo gonata. Mu nan Nijar kapur muke ji ana ce masa, a kantunan Yamai ana samunsa jere da mutard da kwarnisho, wato mustad da ɗan gurjin kwalba. Abin da zai ba ku mamaki, dangin bishiyar nan cike suke da dajinmu. Anza 'yar gidansu ce. Jiga ma haka, da bagayi. Ƙabdodo kuwa ta fi kowa kusa, sunan jinsinsu ma ɗaya ne a wajen masana tsirrai, Capparis. Sinadarin da ke ba kefas yajin nan mai hawa hanci, glukokafarin, shi ne dai a jikin anza. Shi ya sa tun kaka da kakanni ake shimfiɗa ganyenta cikin rumbu don ƙwari su bar wake da hatsi.

Abban Sadik:
To magana ta ƙare. Malam a auno mana anza tiya guda a sako a motar Kano.

Malamin Gona Damagaram:
A'a ɗan uwa, nan ne ba a wasa. Wanda ya ga shekarar 2005 a ƙauyukan Zinder da Maraɗi ba sai an ba shi labarin anza ba. Na ga mata na fita tun asuba da ƙwarya, su dawo da rana tsaka da 'ya'yanta. A fasa a ciro ƙwayar, ita ce dilo, a jiƙa a ruwa, a zubar a sake, a zubar a sake, kwana da kwanaki, wani lokaci har mako, sannan a dafa. Kuma a garin da ruwan shan ma sai an yi tafiya kafin a samo shi. Gidan da yunwa ta hana su jira suka ci da sauran ɗacinta, su suka san abin da cikinsu ya gani, balle yara. In ta jiƙu yadda ya kamata kuwa sai ta koma kamar wake, ba ɗaci ba yaji, abinci ne mai kyau mai riƙe ciki, yanzu ma har sarrafa ta ake yi nan Zinder a sayar a leda. Kun ga ke nan, ɗanɗanon da kuke nema a kefas shi ne ainihin abin da ake shan wahalar wankewa daga anza. In an wanke ba ta yi muku aiki ba, in ba a wanke ba ta cuce ku. Shi kefas cokali ɗaya ake zubawa a tukunya, kuma an riga an tsuma shi.

Ƙabdodo kuma ina roƙonku da Allah kar wani ya ce zai tsinko furenta ya jiƙa don na ce 'yan uwa ne. Tana da guba, an san tana kashe dabbobi. Ba kowane ɗan dangi ake ba amanar tukunya ba.

In dangi na nesa kuke so wanda kowa ya sani, ga gwanda nan a bayan gidajenku. Ku tauna baƙin ɗanta guda ɗaya ku ji. Yajin da zai hau muku hanci ɗan uwan na mustad ne da na kefas.

Hajiya Mai Tuwo:
Allah ya kiyaye mu da sake ganin irin wannan shekara. Ikon Allah, abin da wasu ke ci don yunwa, ɗan uwansa ne ake sayarwa a kwalba kuɗin kaza.

Maman Joy ta Jos:
Sannunku. Na zo a makare amma ina da abin cewa. Akwai wani fure da nake da shi a bakin katanga, nastoshiyam, ganyensa zagayayye kamar ƙaramin faifai, furen ruwan lemo da ja. Asalinsa daga Kudancin Amurka ne, yankin tsaunukan Andes, amma yana son sanyin Jos, da kansa yake zubar da iri ya sake fitowa. In furen ya faɗi sai ya bar 'ya'ya uku-uku manne da juna, kore masu tamoji. Su Turawan Ingila ke kira kefas ɗin talaka. Ana tsinkarsu tun suna kore da taushi, in sun fara fari sun yi tauri an makara. Ina jiƙa su a ruwan gishiri kwana biyu zuwa uku ina canza ruwan. In gargaɗe ku, a kwanakin nan wari suke yi kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ranar farko da na yi maigidana ya ɗauka ɓera ne ya mutu a bayan kabad, har ya ɗauko tocila. Bayan nan a tsane su a zuba a kwalba, a tafasa farin khal a zuba a kai, a rufe. Mako uku zuwa huɗu sun tsumu, warin ya tafi. Duk cikin abubuwan da aka lissafa a nan ba wanda ya kai su kama da na gaske, sai dai sun fi shi ƙaras-ƙaras a baki kuma sun fi yaji. Matsalar dai Asabar ta yi kusa.

Malamin Gona Damagaram:
Madalla Maman Joy. Shi wannan furen da 'ya'yan gwanda sinadarin yajinsu iri ɗaya ne ma.

Hajja ta Duwala:
Mu nan Kamaru abin da muke da shi ɗanyen masoron Turawa ne, kore, a zangarniyarsa. A Penja ake nomansa, kan hanyar Nkongsamba, ƙasar tasu ta tsohon dutse mai aman wuta ce, kuma tun 2013 aka yi wa masoron nasu rajistar suna irin wadda Baban Yasmin ya faɗa. In an jiƙa koren a ruwan gishiri, a ido kam ba ki bambanta shi da kefas. Amma a baki wuta ne, ba tsami. Na taɓa zuba cokali biyu a miyar kirim ta kifi kamar yadda zan zuba kefas, yarana suka yi ta shan ruwa suna hararata. In za ki sa, rubu'in abin da aka rubuta ya isa, kuma ya fi dacewa da nama a kan kaza.

Sista Nas:
Ni tawa ɗaya ce. Duk abubuwan nan gishiri ne zalla. Kefas na kwalba giram 100 yana ɗauke da sodiyam fiye da giram 2, zaitun da gurjin kwalba ma gishirinsu da yawa. In cikin baƙin akwai mai hawan jini a ɗauraye kafin a zuba, kuma kar a ƙara dunƙule a romon sai an ɗanɗana. 'Ya'yan gwanda kuma kaɗan ake sawa, mai juna biyu ta haƙura da su. Abin da kuka jiƙa a gida ku sa khal mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, yana rubuce a jikin kwalba, kar ruwan da za ku sirka ya fi khal ɗin yawa, kuma a firji zai zauna. Da yanayin wutarmu, ku yi kaɗan wanda zai ƙare cikin mako.

Baban Yasmin:
Na manta ban yi maganar tartar ba. Wannan ta fi sauƙi, don dama akwai ɗan gurjin nan na kwalba a cikinta, wanda Malam ya kira kwarnisho. Ki ƙara yawansa, ki yanka shi sosai, ki matse a tsumma mai tsabta don kar ya tsinka miki mayonis. Sai rabin ƙaramin cokali na mustad, lemon tsami, albasa kaɗan, fasili. Ki duba kar ki sayo gurjin mai zaƙi, akwai wanda ake zuba wa sukari. Abu ɗaya ne ba zan yarda a yi ba kefas ba, tapenade ta mutanen kudancin Faransa, zaitun da ake niƙawa a shafa a burodi. Sunanta ma daga sunan kefas ya fito a yarensu na Provence. In babu shi niƙaƙƙen zaitun kika yi, da daɗinsa, amma a canza masa suna.

Maman Ilham:
'Yan gida ga rahoto. Jiya Laraba da daddare na jiƙa abu uku a ƙananan kofuna, yau da yamma na soya tsokar kaza ɗaya na raba ta uku, ni da ƙanwata muka zauna kamar masu alƙalancin gasa.

'Ya'yan gwanda na fara murje su a rariya don santsin nan ya fita, na sa gishiri da khal suka kwana. Yajin yana nan kamar yadda Malam ya ce, har hanci. Amma tauna su kamar tauna tsakuwa, suna fashewa su bar gari-gari a haƙori, kuma ɗacin ya daɗe a maƙogwaro. Ƙanwata cewa ta yi kamar an ba ta maganin tsutsar ciki. Da na daka guda biyar kawai na juya a cikin mayonis sai suka zauna daidai, ba a ganinsu, sai ɗan yajin can ƙasa. Ke nan ba sai na sayi mustad ba.

Gautan Hajiya ya ba ni mamaki. Ya sha gishiri ya yi laushi amma bai narke ba, ɗacin ya ragu ya zama mai daɗi. Aibinsa biyu, ya yi duhu ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, kuma ƙamshin gauta bai ɓuya ba, kana ci ka san gauta ne. Da na sa shi a romon tun farko sai ya saki, na biyu da na barbaɗa bayan na sauke ya fi.

Zaitun shi ya fi kyau a ido da baki, amma na yi wauta. Ban ɗauraye ba, na kuma sa dunƙule a romon kamar yadda na saba, ga botar ma mai gishiri ce. Sista ta faɗa ban ji ba. Sai da muka sha ruwa kofi bibbiyu. Abin da na tsayar, zaitun kashi biyu gauta kashi ɗaya, a ɗauraye, ba dunƙule.

Baban Yasmin:
Kin yi aiki irin na masu sana'a. Abu biyu zan ƙara. Botar ƙarshe ki sa ta da sanyinta bayan kin kashe wuta, kina jujjuya kaskon, ita za ta ɗaure romon. In ta tafasa mai zai rabu ya taso sama. Sannan ki kankare koren bayan lemon tsamin kaɗan ki zuba, ban da farin, shi zai kawo ƙamshin da zaitun ba shi da shi.

Hajiya Mai Tuwo:
Kashi ɗaya kawai aka ba gautana. Ba komai, na karɓa.

Ummi ta Saifurus:
Anti ki aiko mana hoto ranar Asabar don Allah.

Maman Ilham:
Alhamdu lillahi, baƙi sun zo sun tafi. Hoto kam ban samu ɗauka ba, wuta ta ɗauke ina tsakiyar suya, da fitilar waya na ƙarasa. Kifi da tartar ko ɗigo bai rage ba, har da burodi aka suɗe kwanon. Kazar biyu sun ƙara, ɗaya ya tsince zaitun ɗin tsaf ya tara a gefen faranti, ɗaya kuma ya aiko a tambaye ni wai gauta ya ji ko kunnensa ne. Na ce a gaya masa gauta ne, Hajiya Mai Tuwo ce ta ba da fatawarsa. Romon farko ya tsinke min don na manta na bar wuta a kunne, na sake wani, Allah ya sa na sayi bota biyu. Na gode muku duka. Maman Joy, ina son irin furen nan naki in da hali.

Maman Joy ta Jos:
Akwai busassun 'ya'yan da yawa, zan ƙulla miki a ba direba. Ki turo lambarki.

Admin:
Ta akwatin sirri don Allah, ba a sa lamba a zaure.

Maman Ilham:
To Admin. Malam, zai yi a Kano kuwa, ko zafi zai kashe shi?

Malamin Gona Damagaram:
Zafin Maris da Afrilu ba zai bar shi ba. Ki shuka yanzu da hunturu, a tukunya ko bokiti mai huda, inda zai samu hantsi ya tsira daga ranar azahar. Kar ki cika masa taki, in ƙasa ta yi ƙarfi ganye zai yi ta yi ba fure. Ki jiƙa irin ya kwana kafin ki binne, kuma ki ɗaga shi sama in kuna da awaki.